Jikata Ta Gan Ni a Bakin Ƙofa

Zuwa ga Shugaban kwamitin da ke nuna tsofaffin finafinai a fili, gefen Corniche, bakin teku.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni mai tsaron ƙofar wani otal ne a nan Doha. Da girmana na koyi rubutu a ajin yamma, a yi haƙuri da hannuna.

Na fara da farin cikina. Korona ta hana ni zuwa gida, sai a waya nake ganin jikata Hauwa. Albarkacin gasar kofin duniya iyayenta suka kawo min ita, har yau bakina bai rufu ba.

Ga kukana.

Na ɗaya. Lokacin kulle, finafinan soyayya da barkwancin nan marasa kala su suka ɗebe mana kewa a ɗakinmu na unguwar Najma. Shi ya sa ni na zaɓa wa Hauwa fim ɗinku mai bikin aure. A al'adarmu kaka yana tsokanar jikarsa da cewa amaryarsa ce, don haka na ce ta zo ta ga bikinmu, ni ango ita amarya. Daga wurin aiki na wuce, da jar riga mai maɓallan zinare da hula.

Na biyu. Baƙin mutum ɗaya ne a fim ɗin, mai tsaron ƙofa, rigarsa irin tawa. Ba a faɗi sunansa ba. Ango ya bangaje shi, hularsa ta faɗi, ya zare ido yana rawar jiki. Fili ya ɗauki dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi, don na saba. Hauwa ta ja hannuna ta ce, "Kaka, ai ba kai ne angon ba. Ga ka can bakin ƙofa." Ta tambaya ita kuma tana ina. Ban sami abin nuna mata ba.

Na uku. Tun ranar, in zan fita aiki sai ta ɓoye min hula, wai kada a ture min ita. Laifina ya fi naku, ni na kai ta, ni na yi dariya. Amma ku kuka zaɓi finafinan, alhali duniya duka tana garin nan, kuma rabin kujerunku mu ne a kai.

Ban ce ku daina ba, ina son su. Roƙona, kafin a kunna fim wani ya tashi ya faɗa wa yara cewa masu yin sa ne suka tsayar da mu a ƙofa. Sannan ku nemo fim ko ɗaya ne, na kowace ƙasa, wanda amaryar ta yi kama da Hauwa. Da an kammala gasa za su koma gida ita da iyayenta, ba na so wannan ya zama abin da za ta tafi da shi.

Allah Ya ƙara maka basira, Ya raya zuri'arka, Ya nuna maka jikokinka suna alfahari da kai.

Wassalam.

Mamman, kakan Hauwa,
Najma, Doha.