Ruwan Baƙo Aka Gwada, Ba Ruwan Tafkinmu Ba

Daga: Bawa Ɗanjuma,
Shugaban Kwamitin Ruwa na Maruda,
Ƙaramar Hukumar Gwandu.

Zuwa ga: Mai Girma Darakta,
Shirin Tace Ruwan Karkara na Gwandu da Kalgo.

12 ga Mayu, 2025

Game da: Cire Maruda daga garuruwan da za a gina wa tankin tace ruwa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da kukan jama'ata kamar haka:

1. Ranar 3 ga Maris, jami'inku Malam Jibrin ya zo ɗibar ruwanmu don gwaji. Shi da bakinsa ya bayyana mana cewa ƙwayoyin lakar da ke cikin ruwa suna ɗauke da cajin lantarki, kuma akwai na'urar da ke auna shi. In cajin ya yi ƙarfi, ƙwayoyin kan riƙa ture juna, ruwa ya kwana bai kwanta ba. In ya yi rauni sai su dunƙule su nutse. Ya ce masu caji mai ƙarfi su ne za su sami tanki. Muka yi murna, don ruwan tafkinmu ko kwana nawa ya yi a randa yana nan kamar kunu.

2. Malam Jibrin bai taka bakin tafki ba. A zaurena ya zauna, ya ce rana ta yi zafi, a kawo masa ruwan da muke sha. Ni kuwa na tafi kiran sauran 'yan kwamiti. Maiɗakina Fatsuma ta ji an ce baƙo na son ruwa. A garinmu ba a miƙa wa baƙo ruwan laka, abin kunya ne. Sai ta ɗebo daga 'yar randar da take zuba wa dakakkun 'ya'yan zogale don lakar ta kwanta, wadda muke ajiyewa don baƙi da marasa lafiya. Da shi ya cika kwalabensa. Kafin in dawo ya tayar da babur.

3. Ranar 28 ga Afrilu sakamako ya iso, wai cajin lakarmu ya kusa zama babu, don haka ruwanmu zai kwanta da kansa. Tanki ya koma Dangoma ta Kalgo. Yallaɓai, ai aikin zogale ke nan, ya kashe cajin. Kunyar matata aka auna, ba tafki ba.

4. Nan ne zuciyata ta ƙi kwanciya. Mutumin da wannan ne aikinsa, ya wuce ta gefen tafki ja wur, aka miƙa masa ruwa garai-garai, bai tambayi daga ina ba? Fatsuma ta ce har yaba hasken ruwan ya yi. Da na same shi a ofis, ya ce na'ura ba ta ƙarya. Ban ce ta yi ba. An kuma shaida mini surukansa a Dangoma suke. Ban ce komai a kan wannan ba, amma biri ya yi kama da mutum. Mutanen Dangoma 'yan'uwanmu ne, ba ma yi musu baƙin ciki.

5. Zogalen garin nan ba zai ishi randunanmu duka ba. Yaranmu suna ta fama da gudawa. Fatsuma kuwa ta daina zuwa tafki da rana, saboda mata na cewa ita ta kori tanki. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Don haka muna roƙo a dakatar da rabon, a turo wani jami'i daban ya ɗebi ruwa da hannunsa a bakin tafki, a gaban kwamiti.

In kuma Yallaɓai zai zo da kansa, muna maraba. Sai dai Fatsuma ta ce in nemi gafararka tun yanzu, wannan karon abin da 'ya'yanta ke sha shi za ta miƙa maka.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Bawa Ɗanjuma