Ya saci aikina, kuma na san kuskuren da zai tona masa asiri

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana, ku kuma don Allah ku ba ni shawara, domin zuciyata tana raya min abin da na san ba daidai ba ne, kuma wallahi daɗi nake ji idan na tuna shi.

Ni malamar kwamfuta ce a wata makaranta a Gumel. Shekara biyu ke nan ina aikin sa kai a wata manhajar wiki, irin wadda kowa ke iya duba rubutunta ya gyara, ba a biyan kowa. Da ita muka buɗe shafin da mutanen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ke rubuta tarihin garuruwansu. Matsalarmu ita ce haruffa masu lanƙwasa, idan ka rubuta Danzomo a wurin nema ba zai kawo maka Ɗanzomo ba, sai ya ce babu. Wata huɗu na yi ina fama da wannan, ga sabis ɗinmu da kun san halinsa, har na gyara shi.

Akwai wani ɗan Maigatari da muke aikin tare, ya girme ni, Yaya nake ce masa, shi ke riƙe da makullin shafin. Tun aikin bai nuna ba ya ce in kwafa masa a fulash, ɗan abin nan na adana fayil, ya duba min, na ba shi da zuciya ɗaya. Sai kawai na ga ya tura wa masu kula da manhajar a ƙasar waje da sunansa shi kaɗai, suka karɓa, suka yi ta yaba masa, har suka sa shi cikin masu duba aikin wasu. Da na yi masa magana ya ce ai aikin al'umma ne, ba a neman suna a ciki. Na ce to me ya sa nasa sunan ya shiga, sai ya yi dariya ya ce, “Ƙanwata, ke dai ki ci gaba da koyo.” Da na kai maganar gurup ɗinmu ya ce ina da son a sani, washegari ya cire ni daga masu izinin shiga cikin shafin.

To ga abin da bai sani ba. Wanda ya ɗauka tsohon kwafi ne, kuma akwai kuskure a ciki wanda na gano daga baya. Maimakon ya daidaita haruffan a wurin nema kawai, yana bin rubutun da aka adana ne gaba ɗaya yana cire wa haruffan lanƙwasa, har da tsoffin kwafin da ake komawa idan an yi ɓarna. Turawan nan masu kula da manhajar da suka duba ba su san bambancin k da ƙ ba. Kalmar ƙasa za ta koma kasa, gari mai baƙi ya koma gari mai baki. Ranar Asabar mai zuwa zai ɗora shi a kan shafinmu a gaban jama'a a Gumel, ya gayyaci malamai da dattawa, har sabuwar shadda na ji ya ɗinka. Ina so in je in zauna a layin gaba in ga fuskarsa lokacin da za a ce ya gyara, don na san ko layi ɗaya na aikin bai gane ba.

Abin da ke hana ni sakat shi ne wani tsohon hedimasta a Ɗanzomo, Baba muke ce masa. Shi ya rubuta kusan rabin shafukan, da yatsa ɗaya, yana lalubar kowane ƙ da ɗ a waya, kuma yanzu idonsa ya yi rauni, ba zai iya sakewa ba. Ni kuma ba ni da hanyar ajiye kwafi tunda an rufe min ƙofa. Idan na yi shiru, aikin Baba zai lalace. Idan na yi magana, Yaya zai karɓi gyaran a ɓoye, ya sake sa sunansa, ranar Asabar a tafa masa ina kallo.

Ban yafe masa ba, kada ma ku fara ce min in yi haƙuri, so nake ya ji kunyar da ya sa na ji. Amma jiya Baba ya kira ni, ya ce in taimaka in zauna kusa da shi ranar, in riƙa karanta masa abin da ke kan allo, tunda ba zai gani ba. Na ce to.

Don Allah ku gaya min, in faɗi kuskuren kafin Asabar, ko in bari? Idan na bari, me zan karanta wa Baba?