Mai Taka wa Kaka Baya

Zuwa ga ƙanwata Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina karatu, yaya zaman ƙasar mutane? Mu nan Gidan Amumune lafiya lau, an gama yankan gero.

Sai dai ciwon baya ya kama kakarmu, ko ruku'u ba ta iyawa. Mun kai ta Mayahi a kabu-kabu, likita ya ba ta ƙwayoyi, hanya kuma ta ƙara mata ciwo. Na gaya mata makarantar kuɗin da kike yi tana koya muku gyaran baya da hannu, kuma ƙauyukan da ba likita ake tura ku. Ta ce, "Da hannu? Yarinyar da tun tana ƙarama take taka mini baya da ƙafa?"

Ni ma ina son sani, Rabi. Tausa ce ko ɗori? Kuma can ma har akwai ƙauyen da likita bai isa ba? Ya fi namu nisa?

Na ce bari in taka mata, ta hana. Wai ke take jira.

Ki sa ta a addu'a. Ki gaida abokan karatunki.

Yayarki,
Hadiza