Ƙanƙarar Watan Mayu

Maigida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya can kan dutse, kai da abokin aikinka Baba Sagin. Inna tana gaishe ka.

Mun gama shuka sha'ir, sai muka wayi gari dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. A watan Mayu fa. Kai da aikinka ke nan awon yanayi, ko ka yi mana kashedi? 'Yan tumaki sun cika ɗakinmu, kusa da murhu suke kwana, a gurbinka. Wasu sun mutu tun kafin mu kai gare su.

Inna ta taɓa cikina ta ce haihuwa ta kusa. Ka ce da farkon wata za a kawo wanda zai canje ka. Duk dokin da ya sauko sai na leƙa. Mai kai muku garin alkama ne zai ba ka wannan.

Ka huta lafiya,
Burul

Burul,

Na amsa gaisuwarki. Ki gaida Inna.

Motar mai canjina ta maƙale a ƙasa, ba ranar zuwanta. Doki kaɗai ke iya hawowa, shi ma da ƙyar. Baba Sagin tari yake yi, ba na son in bar shi shi kaɗai a tashar awon yanayi.

In hadari ya yaye, ina hango kwarinmu daga bayan tasha. Nakan zaɓi hayaƙi ɗaya in ce naki ne. Kada ki ɗauki itace, ki bar wa ƙanena.

Naki,
Esen

'Yata Burul,

Sallama da fatan alheri. Sagin ne, abokin aikin mijinki.

Esen ya daina cin abinci, yana shan shayi a tsaye bakin taga. Da gari ya yi haske na ce masa, "Tafi, ɗana, ƙanƙara ba ta buƙatar mutum biyu su kalle ta." Ya sauka da ƙafa. Bai daɗe ba iska ta taso, ko ƙofa ban iya buɗewa ba sai yau da masu share hanya suka iso daga wancan ɓangaren. Ba su ga sawunsa ba.

Su za su kawo miki wannan. Ki sanar da ni, ko mene ne.

Allah ya tsare,
Sagin

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi.

Esen ya iso. Makiyaya suka tsince shi a wani tsohon garke, suka kawo shi bisa doki. Likita ya yanke masa yatsun ƙafa biyu. 'Yarsa ta riga shi zuwa. Ya ce kai za ka raɗa mata suna, ka aiko mana.

Ba ni da ƙarfin yi masa faɗa tukuna. Barci yake yi, ni kuma ina zaune ina kallonsa.

'Yarka,
Burul