Layin da Ke Yanka Titin Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara buɗi, ya sauwaƙa maka aikin nan da ba ya barin ka ɗaga waya. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene ba ta tsaya hutawa ba, sai dai ta ƙi takalmin da likita ya ce ta riƙa sawa, wai na maza ne. Maigidana yana lafiya, an dawo da shi aiki kusa da gida. Shago ma ba laifi, ɗinki ya taru, amma kwana uku ke nan zama ya gagare ni a kan keke. Jiya na yanka hannun riga biyu, duka na dama. Na ɗauki waya in kira ka ya fi sau biyar ina ajiyewa, don na san halinka, kafin in kai tsakiyar magana ka riga ka yanke hukunci. Shi ya sa na rubuta, don Allah ka karanta har ƙarshe.

Maganar Baba ce. Ka tuna yadda ya koma bayan likita ya ce gefen ganinsa na hagu ya tafi, ya sauka daga tirela bayan shekara talatin da huɗu yana jan ta. Lokacin da ka aiko masa da kwamfutar nan da sitiyari da abin takawa, da wasan tuƙa manyan motoci, ni ce ta farko da ta yi maka dariya, na ce ka mai da tsoho ɗan yaye. To yau na janye, ka ci wannan. Mutumin nan farfaɗowa ya yi. Da safe zai yi wanka, ya sa riga mai guga, ya ja kujera, ya duba madubin hagu da na dama kamar da gaske, ya yi bismilla sannan ya tayar. Ba ya wuce ƙa'idar gudu ko da babu kowa a titin. In Umma ta gifta ta gabansa da tire sai ya danna mata oda. In kuwa ya yi ribas da doguwar mota ya saka ta tsakanin biyu ba ta goga ba, sai an kira duk wanda ke gidan ya zo ya gani.

Kwatsam, wajen mako bakwai da suka wuce, na shiga ɗakin na tarar an kwance sitiyarin daga tebur, an naɗe shi cikin tawul, an ɗora a kan kabad. Na tambaye shi, ya ce ya gaji ne kawai. Daga ranar sai zaman baranda, ya zuba wa bango ido. Abinci ya riƙa dawowa kamar yadda aka kai, aski ma sai Umma ta yi da gaske. Ni da ita babu irin zargin da ba mu yi ba, har kai ba ka tsira ba, mun ce don ka yi wata ba ka kira ba ne. Na lallaɓa, na yi fushi, na turo masa maigidana, duk ya yi gum da bakinsa. Ashe halin nan ne nasu na tsofaffin direbobi. Direba zai gaya maka ciwon baya, zai gaya maka ciwon ciki, amma ba zai taɓa cewa idonsa ya samu matsala ba, don ya san daga ranar da maganar ta fita an sauke shi daga mota.

Da dabara ta ƙare min, sai na sauko da sitiyarin na ɗaura da kaina, na kunna, na ƙure sauti, na hau tuƙi don in tsokane shi. Ka san ni, ko keken yara ban iya ba. Na hau gefen titi, na kwashe alamar hanya, na bugi wata farar mota. Ba a yi minti biyar ba na ji tafiyarsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana tsaki. Ina shan kwana sai na yi ƙorafi da ƙarfi, ba don shi ba, na ce wannan layin da ke yanka titi biyu ya ishe ni, saman hoto ya tafi, na ƙasan bai biyo ba, kamar yadi mai layi-layi da aka haɗa zanen bai hau ba. Yaya, sai na waiga na ga ya dafe ƙofa da hannu biyu, ya tambaye ni da wata irin murya ko ni ma ina ganin layin.

Ka ga, talabijin ɗin da yake amfani da ita ce ta ƙone, maigidana ya kawo masa wani tsohon allon kwamfuta da aka daina amfani da shi, tun daga nan layin ya fara. Ni na gani, Umma ta gani, maigidana ya gani, kowa ya ɗauka haka wasan yake, babu wanda ya buɗe baki. Shi kuwa Baba ya ɗauka ɗaya idon ne ya fara tafiya. Mako shida yana zaune a baranda shi kaɗai yana jiran makanta, mu muna wucewa muna tambayarsa ko a ƙara masa shayi. Na rantse masa cewa allon ne, na sa yatsa a kan layin, na kira Umma ta shaida. Ya girgiza kai ya ce 'ya mace da matar mutum za su iya cewa komai don tausayi. Ya ce ba zai sake taɓa sitiyarin ba sai ranar da ya ga titi babu yanka da idonsa.

Washegari ko shago ban buɗe ba, na wuce wurin mai gyaran kwamfutan nan na lungun bayanmu, wanda muke ce wa Injiniya. Na ɗauko masa hoton abin a waya, yana gani ya yi dariya, ni kuwa kamar in shaƙe shi. Ya ce kwamfuta ba ta aiko da hotuna a gudu ɗaya ba. A fili tana sauri, in an shiga gari ko ana ruwa a wasan sai ta yi nauyi. Shi kuma tsohon allon ya kafe, sau sittin yake sabunta hoto a kowane sakan, ko an gama aiko masa ko ba a gama ba, shi ya sa yake haɗa rabin sabo da rabin tsoho. Maganin shi ne allon da ke sassauta gudunsa ya bi na kwamfutar, in ta yi sauri ya yi, in ta ja baya ya jira ta. Ya biyo ni gida ya buɗe kwamfutar Baba ya tabbatar na'urar hotonta ta iya wannan, ya rubuta min abin da zan duba a jikin kwali, ya ce kada in yarda a sayar min da girma ko ƙyalli.

Ban gaya maka ba a lokacin don na san abin da za ka yi. Za ka ce a bari ka aiko da wata ƙatuwar talabijin mai cika bango, ta iso bayan wata biyu, ni kuwa ba ni da wata biyu, mutumin yana ramewa a gabana. Na ɗauki abin da na ware don sabon keken surfani na shiga layin masu kayan lantarki. Kai, na sha yawo! Na farko ya nuna min wani mai lanƙwasa da fitilu a baya kamar motar amarya, kuɗinsa ya ninka abin da ke jakata sau uku. Na ce masa tsoho ne zai tuƙa tirela, ba jirgin sama ba. Na biyu ya kawo mai araha sosai, ya rantse yana da abin da nake nema. Na juya kwalin na ga lallai yana da shi, amma gudun sabunta hotonsa daga sau arba'in da takwas ne zuwa saba'in da biyar kawai a sakan. Injiniya kuwa ya riga ya ja min kunne cewa kwamfutar Baba tana faɗowa ƙasa da haka a cikin gari, irin wannan allon a nan zai sake ta, layin ya dawo daidai inda Baba ya fi shan kwana. Ya ce in nemi wanda samansa ya kai ɗari da arba'in da huɗu, don shi in gudun ya faɗi sai ya maimaita kowane hoto sau biyu, ya ci gaba da bin ta. Mai shagon ya dube ni ya tambaya ko ni malamar kwamfuta ce, na ce a'a, tela ce, na dai saba auna abu kafin in yanka.

A shago na biyar na samu. Ba shi da lanƙwasa, ba shi da lasifika, ƙafarsa ma roba ce, amma lambobin sun cika. Na tsaya tsakanin mai inci ashirin da huɗu da mai ashirin da bakwai har mai shagon ya kawo min kujera. Ƙaramin ya fi sauƙi, sai na tuna yadda Baba ke miƙa wuya in zai karanta allon hanya, na rufe ido na ɗauki babban. Na sa aka rubuta min cewa in bai yi ba zan dawo da shi cikin mako guda. A mota a cinyata na riƙe shi har gida, na hana kowa taɓawa.

Sai ga abin da ya kusa kashe ni. Maigidana ya haɗa, muka kira Baba, ya zo yana jan ƙafa, ya zauna a bakin kujera. Ya tayar, ya fita daga tasha, kwanar farko layin ya ratsa titi kamar jiya. Ya cire hannunsa daga sitiyari ya miƙe ya koma baranda. Ni kuwa na shige kicin na yi kuka mai isata, na huce a kan maigidana da bai san hawa ba bai san sauka ba. Da na kira Injiniya, sai ya tambaye ni wace wayar haɗi muka sa tsakanin allon da kwamfutar. Ashe tsohuwar muka mayar, sabuwar tana nan cikin kwali ko ledarta ba a yage ba, kuma ramuka biyu ne a bayan allon, ta ɗaya ne kawai yake jin maganar kwamfutar Baba. Bayan haka ma sai an shiga cikin saitin allon an kunna abin, don a kashe yake zuwa. Ya zo da kansa bayan la'asar, cikin minti goma ya gama.

Wannan karon ban kira Baba ba. Na bar motar a kunne a tsakiyar gari, ana ruwa, na buɗe ƙofar ɗakin na tafi wanke-wanke. Can na ji an saki birki. Na leƙo na gan shi ya matso da fuskarsa dab da allon, yana juya sitiyari hagu da dama da gangan, yana neman layin. Ya sha shataletale ɗaya sau huɗu. Sannan ya gyara zama, ya jingina, ya ce a kawo masa abincinsa nan. Awa uku ya yi yana tuƙi, ya cinye kwano tas, har ya danna wa Umma oda. Na koma gida ranar ina jin kamar an sauke min dutse daga ka.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Shekaranjiya da safe na tarar ya yi aski, ya baza takardu a kan gado, lasisinsa yana sama. Ya ce in zauna. Ya ce tun da wannan karon gilashin allo ne ya yi ƙarya ba idonsa ba, wa ya sani ko wancan karon ma na'urar likita ce ta yi kuskure. Ya ce ba tirela yake nema ba, ƙaramar motarsa kawai, ya kai Umma asibiti da kansa, ya daina tsayawa a titi yana ɗaga wa yaran da ya koya wa tuƙi hannu. Ya ce ya san makullin yana wurinka tun ranar da ka tafi da shi a aljihu, in rubuta maka ka aiko. Yana maganar yana murmushi, Yaya, irin wanda na yi shekara biyu ban gani ba. Ni kuma ina zaune ta hagunsa, na ɗaga hannuna a hankali har kusa da kunnensa, na kaɗa yatsu. Bai gani ba.

Na ce masa to, zan rubuta. Ga shi na rubuta. Kada ka aiko da makullin, kuma kada ka yi shiru ka bar ni da shi, don kullum in na shigo sai ya dubi hannuna kafin fuskata. Ka kira shi da kanka, ka zauna ka saurare shi har ya gama, sannan ka gaya masa ba zai sake hawa titi da mota ba. Ni na yi mako guda ina rantse masa cewa idonsa ƙalau yake, bakina ba zai iya juyawa ya faɗi ɗaya maganar ba.

Ka gaida Anti da kyau, ka ce mata rigarta na nan, hannun ne ya tsaya. Ka shafa min kan Dogo da takwarar Umma da 'yar autarku mai rigima. Umma tana gaishe ku, Gwaggo ma ta ce a saka sunanta, maigidana yana miƙa tasa gaisuwar. Baba ya ce in gaya maka ya sa an hura tayoyin.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Auta