Rawar Meksiko da ban yi ba

Alhamis, bayan isha'i

Yau aka yi bikin al'adun ƙasashe a makaranta. Ajinmu Meksiko aka ba mu. Mako uku ina koyon rawarsu a ɗaki, ina buga ƙafa, ina kaɗa babban siket ɗin da Umma ta ɗinka mini.

Muna layi a bayan labule sai Rahaf 'yar ajinmu ta dube ni ta ce da Larabci, "Ya banat, a Meksiko ma akwai takruniyya?" Wato, 'yan mata, can ma akwai baƙar fata irina? Duk suka kwashe da dariya. Malama ta ji, amma "Halas, yalla" kawai ta ce, wato ya isa, mu je. Da aka saki kiɗan ƙaho da jita, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Na shige banɗaki na kulle. Daga can na ji ana tafi.

Umma ta bar ɗinkinta ta zo, ta zauna a layin ƙarshe. Muna hanyar komawa unguwarmu Ruwais ta ce, "Na gan ki, Hauwa'u. Kin fi su iya juyi."

Ina so in yarda wata ta hango daga nesa ta ɗauka ni ce. Amma duk ajin ni kaɗai ce baƙa.

Na ce, "Na gode, Umma."