Saratu Ba Ta Dawo Ba Tukuna

Dutse Alhaji, Abuja

Yaya Bulus,

Ka gafarce ni da na dame ka. Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya iyali, yaya hawan jinin Mama?

Ayarin ziyarar ibada da ƙanwarka Saratu ta bi bai kai Urushalima ba. Yaƙi ya sa an dakatar da jirage, suna wani masauki a ƙasar Urdun. Matan zumuntar cocinmu sun ɗinka ankon tarbarta, sun ajiye. Akuyar godiya da na saya tana ɗaure a tsakar gida. Ita kaɗai nake tararwa idan na taso aiki.

Roƙona biyu ne:

1. Ku sa su cikin addu'a.
2. Mama tana ta kirana tana tambayar ranar saukarta. Ka rubuto mini: in gaya mata, ko kai za ka zauna kusa da ita ka faɗa?

Mijin ƙanwarka,
Ayuba